Rigar Zafi: Me Zai Hana Mu Ɗinka Da Hannunmu?

Duk wanda ya taɓa zama a Nima ko Mamobi a nan Ankara, ko kuwa a Aboabo ta Kumasi, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, ba ya bukatar a ba shi labarin zafi. Ɗaki ɗaya, rufin kwano, taga 'yar mitsitsiya, gida ya matse gida har iska ta rasa ta inda za ta ratsa. 'Yan'uwanmu na Tamale da Bawku su kuma nasu zafin busasshe ne, a watan Maris ma'aunin zafi yakan kai 40 ko ya ɗara. Namu na bakin teku bai kai nasu a lissafi ba, amma yana tafe da laima, ta yadda zufa ba ta bushewa a jiki, sai dai ta kwanta ta yi ta cin fata.

Abin da ya jawo wannan magana a gidanmu ya faru. A bazarar 2024, ana tsakiyar azumi, ƙurajen zafi suka feso wa wata 'yarmu mai shekara goma sha uku a wuya da baya da hammata, har barci ya gagare ta. Mun sayi hoda, mun sauya sabulu, mun yi ta wanka sau uku a yini, abu ya ƙi. Ranar nan goggonmu ta zo gaisuwa daga Sabon Zango, ta dubi yarinyar, ta dubi rigar da ke jikinta, sai ta ce a miƙo mata ashana. Ta zaro zare guda daga ƙasan rigar ta kunna masa wuta. Zaren bai ci ba, narkewa ya yi, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Ta ɗaga mana shi ta ce, "To ga ciwon nan, 'ya'yana. Leda kuka sa wa yarinya." Muka kwaso rigunanta takwas na zaman gida da na zuwa makarantar allo, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Biyu kaɗai suka ci wuta irin ta auduga.

Da yammacin ranar aka jawo keken ɗinkin marigayiya innarmu daga ƙarƙashin gado, baƙin Butterfly na hannu, wanda ya fi shekara goma ba a taɓa shi ba. Aka goge ƙura, aka ɗiga masa mai, aka sauya allura. Bai yi gardama ba ko kaɗan. Kafin sallah yarinyar ta sami riguna uku na auduga zalla daga ragowar atamfofin da ke cikin akwati, kuma cikin mako biyu fatarta ta lafa. Ba mu ce riga magani ce ba, domin wanda ƙuraje suka yi wa ruwa ko suka zo da zazzaɓi asibiti ya kamata ya nufa. Amma mun ga abin da muka gani.

Dalilin ba boyayye ba ne. Zaren auduga yana shan danshi, masana saƙa suna cewa yakan riƙe kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Zaren roba, wanda ake kira poliyesta, bai kai ko kashi ɗaya ba, domin daga man fetur ake yin sa, dangin gorar ruwan sha ne. Idan aka sa shi a rana zufa ba ta da wurin zuwa, sai ta tsaya tsakanin fata da riga, ƙofofin gumi su toshe. Ga mata kuma abin ya ninka, tunda bisa rigar akwai mayafi ko doguwar hijabi, wadda ita ma galibi ta roba ce. Mace ta fita kasuwar Nima ranar Laraba da rufi biyu ko uku na leda, ta dawo tana jiri, mu kuma mu ce azumi ne.

Yawancin waɗannan riguna daga gwanjo suke, abin da maƙwabtanmu masu jin Tuwi suke kira obroni wawu, wato tufafin mataccen Bature. Ba za mu zagi gwanjo ba, don ya rufa wa talaka asiri, kuma mutum kusan 30,000 ne ake ƙiyasta suna cin abinci a kasuwar Kantamanto, cikinsu har da 'yan zango da 'yan matan arewa masu dako, waɗanda ke ɗaukar dila mai nauyin kilo 55 a ka. Ƙungiyar Or Foundation, wadda ta daɗe tana aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ne ke shigowa a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a bola. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta musanta wannan adadi, ta ce abin da ake zubarwa bai wuce kashi 5 ba. Mu dai ba alƙalai ba ne, amma duk wanda ya taka bakin teku wajen Jamestown ko ya leƙa tafkin Korle ya ga tsummokara sun nannaɗe kamar igiya a cikin yashi. Abin da ya fi damunmu a nan shi ne, kayan da ke zuwa yanzu ba irin na shekarun baya ba ne. An yi su ne a gurguje don a sa sau uku a yar, kuma an yi su don ƙasashe masu sanyi da ofisoshi masu na'urar sanyaya ɗaki. Ko girman bai dace da mu ba: wuya a buɗe, hannu a ɗage, tsawo iya cibiya, sai uwa ta sayo ta dawo tana neman abin da za a sa a ciki don a rufe jiki, rufi ya ƙaru, zafi ya ƙaru. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Sannan gobarar da ta tashi a Kantamanto a daren 1 ga Janairu zuwa wayewar 2 ga wata na 2025, wadda ta cinye mafi yawan rumfunan kasuwar, ta nuna mana yadda muka jingina suturarmu ga wuri ɗaya. 'Yan kasuwar sun sake gina rumfunansu, Allah ya mayar musu da alheri, amma a makonnin da suka biyo baya iyaye da yawa sun ji a jikinsu.

Wani zai ce, to ai ga teloli. Gaskiya ne, kuma zangunanmu sun yi suna a ɗinki, har waɗanda ba Musulmi ba suna zuwa Nima neman mai aikin wuya. Sai dai telan zango yana da lokacinsa. Azumin 2024 da na 2025 duk sun faɗo cikin watan Maris, tsakiyar zafi, lokacin da kowane shago ya cika da shadda da leshi har rufi. Wa zai ajiye ɗinkin sallah na mutum goma ya tsaya yi miki 'yar rigar zaman gida? Idan ma ya karɓa, kuɗin ɗinkin ya kusa na yadin. Akwai kuma wata ɗabi'a da muke roƙon telolinmu su duba: a kawo musu atamfa mai kyau ta auduga, su yi kaba, sannan su shimfiɗa mata shafi na roba a ciki don ta tsaya ƙyam. Ta yi kyau a hoto, amma amfanin audugar ya tafi, tunda abin da ke taɓa fata leda ce. Kaba ta biki a bar wa tela, shi ya san sirrinta. Rigar da za a sa a yi girki, a je kasuwa, a yi wanki, a kwanta da ita da rana, wannan ba ta fi ƙarfin kowace mace mai haƙuri ba, har ma da namiji. Kada mu manta a al'adarmu ta asali maza ne masu allura. Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja, tufafin Kano da na Nufe suka ɗauko zuwa Salaga suna musaya da goro, kuma da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, da allurarsu suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara. Abin kunya ne jikokin masu sayar wa duniya riga su koma ba sa iya maƙala maɓalli.

Bari mu zo ga aikin kansa, domin shi ne muka fi so mai karatu ya ɗauka.

Farko dai yadi. A nemi auduga zalla, mara nauyi. Atamfa ta gaske auduga ce, ko ta GTP da ake bugawa a Tema tun 1966, ko ta Akosombo da aka kafa masaƙarta a 1967, ko ta Printex. Amma kasuwa ta cika da kwaikwayo, zane iri ɗaya, har da tambari, alhali an cakuɗa da roba. Wannan kwaikwayo da fasa-ƙwauri suna cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun ƙasar nan, waɗanda a tsakiyar shekarun 1970 suke ɗauke da ma'aikata kusan 25,000, amma zuwa shekarar 2000 suka koma wajen 5,000. Shi ya sa gwamnati ta fito da shirin sa tufafin gida ranar Juma'a a 2004. Mai saye a Makola ko Kejetiya yana da hanyoyi biyu na gane gaskiya. Ɗaya ita ce ta goggonmu: zaren auduga yana ci kamar takarda, yana warin ƙonanniyar takarda, ya bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Idan mai rumfa ba zai yarda a kunna ashana kusa da kayansa ba, kuma yana da gaskiya, sai a ɗiga ruwa a bayan yadin. Auduga tana shanyewa, roba kuwa ruwan yakan tsaya a kai yana gangarawa. Sabuwar atamfa mai sitaci da yawa takan ɗan jinkirta sha, don haka a murza gefen tukuna. Boyel na auduga da farin yadin da ake yi wa 'yan makaranta riga su ma suna da sanyi, sai dai a ɗaga su a rana a gani ko suna nuna jiki.

Kafin almakashi ya taɓa yadi, a wanke shi, a shanya a inuwa, a goge. Wannan mataki ne da kowa ke son tsallakewa, mu ma mun tsallake shi a rigar farko, muka sha mamaki. Auduga tana tsukewa a wankin farko, yadi guda yakan rasa inci ɗaya ko fiye, kuma a nan ne ake gane mai zuba. Gara ta tsuke tana yadi da ta tsuke tana riga.

Salon da ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne buba, domin duk jikinta yanka ne miƙaƙƙe, babu lanƙwasa sai a wuya. Awo huɗu ake bukata: zagayen ƙirji, faɗin kafaɗa, tsawon riga daga kafaɗa zuwa inda ake so ta tsaya, da tsawon hannu. Sirrin rigar zafi shi ne sarari, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya. Saboda haka a ƙara inci 6 bisa awon ƙirji. Alal misali, mai ƙirji 36 rigarta za ta zama 42. A raba biyu, gaba 21, baya 21, a ƙara wa kowanne inci ɗaya na ɗinki, ya zama 22. Faɗin atamfa yakan kama daga inci 45 zuwa 48, ke nan gaba da baya za su fita gefe da gefe a faɗi guda. Idan tsawon rigar 26 ne, a yanka 28 saboda kalmasa da ɗinkin kafaɗa. Hannuwa biyu za su fita daga wani yanki mai tsawon inci 14. An tashi da inci 42, a ƙara abin da za a yi wa wuya, yadi ɗaya da rabi ya wadatar. Wato yadi shida da muke saya don kaba da siket da mayafi zai ba da riguna huɗu. Mai jiki, wadda ƙirjinta ya haura 40, gaba da bayanta ba za su fita a faɗi ɗaya ba, sai ta yi lissafin yadi biyu, ta sami uku. Idan ƙugu ya fi ƙirji faɗi kuma rigar za ta sauka kansa, da awon ƙugun za a yi lissafi, ko a tsaga gefe da gefe kamar inci huɗu.

A lura da zanen atamfa kafin a yanka. Da yawansu an tsara su ne don ɗaurin zani, bakin yadi a sama da ƙasa, saboda haka idan aka yanka yadda muka faɗa tsuntsu ko fure zai iya kwantawa a gicciye. Mai koyo ta zaɓi zanen da ba shi da sama da ƙasa, ta huta.

Wanda lissafi ke ba shi tsoro yana da wata hanya. A ɗauki tsohuwar rigar da ake jin daɗinta, wadda ta riga ta mutu, a warware ɗinkinta a hankali da reza, a goge gutsattsarin, a shimfiɗa su bisa takarda a zana. Takardar buhun siminti ta fi jarida ƙwari, kuma da ita 'yan koyo a shagunan ƙasar nan suke fara ɗinki kafin maigida ko uwarɗaki ta yarda su taɓa yadin mutane. A rubuta suna da kwanan wata a jikin takardar a adana. Yara suna girma, amma ta manya za ta yi shekaru tana aiki.

Wuya shi ne inda yawancin masu koyo ke kuka. Zagayen kan babba yakan kai inci 22 zuwa 23, don haka ramin wuya ya zama aƙalla 24, in ba haka ba a yi masa 'yar tsaga a gaba ko a baya da maɓalli ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanka shi da faɗi tun farko. A yanka kaɗan, a gwada a ka, a ƙara. Abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Da zarar an yanka, a bi gefen da layin ɗinki ɗaya kafin a ci gaba, don kada ya saki ya yi baki. Sannan a yanko siririn ƙyalle a karkace, wato daga kusurwa zuwa kusurwa, faɗin inci ɗaya da rabi, a naɗe bakin wuyan da shi. Yankan karkace yana miƙewa, shi ya sa yake bin lanƙwasa ya kwanta lumui, miƙaƙƙen yanka kuwa sai ya yi ta tattarewa.

Wuri na biyu shi ne hammata. Buba takan yage a nan idan aka ɗaga hannu, musamman ga mai daka ko mai ɗaukar kaya a ka. Tsofaffin telolinmu sun san maganinsa tun da daɗewa, a duba tsohuwar taguwa za a gani: ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, kamar inci huɗu kowane gefe, ana sa shi inda hannu ya haɗu da jiki. Yana ba hannu sarari, kuma yana hana yadi manne wa hammata, inda ƙuraje suka fi fitowa.

Game da haɗa gefe, yawancin gidaje ba su da keken da ke kashe bakin yadi. Ba matsala. A fara ɗinkawa ta waje, fuskar yadi tana kallonka, kusa da baki. A rage gefen da almakashi, a juya rigar, a goge, a sake ɗinkawa ta ciki yadda ɗinki na biyu zai haɗiye na farko. Bakin yadin ya shige ciki ke nan, ba zare mai zubowa, ba abin da zai soki fatar yaro. Allura lamba 14 ta dace da atamfa, lamba 11 ga boyel. Kuma dutsen guga ya zauna kusa da keke, kowane layi aka gama a danne shi. Bambancin ɗinkin gida da na shago, rabinsa guga ne.

Keken hannu ko na ƙafa ya ishi wannan aiki duka. Waɗanda suka ga shekarun dumsor, musamman 2015, lokacin da wuta ke tafiya yini da kwana, sun san darajar keken da ba ya jiran lantarki. Irin su Butterfly da tsofaffin Singer ƙarfe ne zalla, kayan gyaransu suna nan a kasuwa, kuma da wuya a rasa mai gyara a kowane zango. Idan keke yana tsinka zare ko yana tsallake ɗinki, kafin a kira kowa a sauya allura, a zare zaren a sake sa shi daga farko, a share ƙurar da ke ƙarƙashin farantin allura. Sau da yawa a nan matsalar take. Gidan da babu keke kuwa, gidan haya ne mai ɗaki goma, da wuya a ce duk ɗakunan babu ko ɗaya. A gidanmu yanzu mata huɗu ne ke amfani da na innarmu, kowacce da zarenta da allurarta, mai kuwa karo-karo ake yi. An ɗan yi saɓani a kan almakashi, don wani yaro ya yanka kwali da shi ya dakushe, tun daga nan aka ɗaura masa jan ƙyalle aka rataye shi inda hannun yara ba ya kai.

Ko gwanjon ma yana da rana a wannan aiki. Manyan rigunan maza na auduga, masu maɓalli a gaba, waɗanda suka yi wa kowa yawa, sau da yawa suna da araha kuma yadinsu mai kyau ne. A duba 'yar takardar da ke wuya ko a gefe, tana faɗin abin da aka saƙa rigar da shi. A cire kwala, a rage hannu, a gyara wuya, an sami rigar yarinya da maɓallanta a shirye. Teloli da yawa a cikin Kantamanto da irin wannan gyara suke ci.

Wani tela abokinmu ya yi mana ƙorafi cewa muna so mu kashe musu kasuwa. Mun ce masa rigunan da muke magana a kai ba daga hannunsa ake sayensu ba tun farko, daga dila ake zaɓo su. Hasali ma macen da ta taɓa fama da wuyan riga har tsakar dare ba za ta sake yi wa tela cinikin wulaƙanci ba. Kuma yarinyar da ta iya miƙaƙƙen layi a gida, in ta shiga koyon sana'a, wanda a ƙasar nan yakan ɗauki kamar shekara uku, ta riga ta rage wa kanta watanni na ɗinkin takarda.

Rigar farko ba za ta yi kyau ba, gara a sani tun yanzu. Tamu hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan kuma ya karkace kamar yana leƙen maƙwabta, goggonmu ta yi dariya har da hawaye. Don haka a fara da tsohon zani ko zanen gado da ya tsufa, a bar sabuwar atamfa a akwati sai an yi ta biyu ko ta uku. Kuma a fara tun cikin hunturu, a watan Disamba ko Janairu, lokacin da zama a gaban keke bai zama azaba ba. 'Yar tamu a bana ita ta yanka tata da kanta, sai wuyan kawai aka kama mata.